Yadda ake hasashen dusar ƙanƙarar tafki, tun daga zafin ruwa har zuwa unguwar da za ta sauka

'Yan uwa mazauna Bafalo da Rochester da Syracuse da Cleveland a Amurka, da na ɓangaren Kanada wajen Barrie da Owen Sound, musamman masu tuƙi, wato masu Uber da masu kai saƙo da masu fita aikin dare, wannan bayanin naku ne, haka ma duk mai sha'awar ilimin yanayi ko daga ina yake karantawa. Akwai wata irin dusar ƙanƙara wadda tafki ne da kansa yake haifar da ita, ba wai wani babban hadari ne ya taso daga nesa ya rufe jiha gaba ɗaya ba, kuma wallahi ita ce ta fi yaudarar mutane, don manhajar yanayi ta waya lamba ɗaya za ta ba ka da sunan gari, ka fita hankalinka kwance, alhali garin ya rabu biyu, wani ɓangare ana rana wani ɓangaren kuma mota ta nutse har rufinta.

Abin da ya faru a Bafalo daga 17 zuwa 21 ga Nuwamban 2014 ya isa misali. A zagayen farko na dusar, kudancin Cheektowaga da ke gefen Bafalo ya samu kusan santimita 165, filin jirgin saman Bafalo kuwa da bai wuce 'yan kilomitoci daga wurin ba ko santimita 20 bai samu ba. Da aka haɗa zagaye biyun akwai inda ta haura mita 2, mutum 13 suka rasu, babbar hanyar I-90 ta rufe da mutane a cikin motocinsu. To ka ga tambayar "za a yi dusa?" ba ita ce babbar tambaya ba a nan, babbar ita ce a ina zirin, wato siririn layin gajimaren da ke zuba dusar, zai tsaya kuma awa nawa zai yi a wurin. Duk matakan da zan jero can suka nufa.

Kafin nan bari mu fahimci abin da yake faruwa. Ka tuna bokitin ruwan zafi da aka ajiye a tsakar gida da asubar hunturu, yadda tururi yake tashi a kansa saboda iskar da ke sama ta fi ruwan sanyi nesa ba kusa ba? To haka manyan tafkunan nan biyar suke, Sufiriya da Mishigan da Huron da Eri da Ontariyo. Sun sha zafin bazara sun riƙe, ruwa kuma ba ya saurin hucewa kamar ƙasa, sai ga iska mai tsananin sanyi ta gangaro daga arewacin Kanada a Nuwamba ko Disamba ta bi ta kansu, ruwan ya ɗumama ta daga ƙasa ya cika ta da danshi, ita kuma da ta ɗumama sai ta yi sama, ta yi sanyi, gajimare ya haɗu, iska ta tura shi gaɓar da ke gaba ya juye kayansa a can. Shi ke nan asalin abin. A gaɓar yammacin Jafan ma haka take faruwa idan iskar Saiberiya ta ratsa teku, da kuma gefen tafkin gishiri na jihar Yuta, amma a nan kan tafkunan Eri da Ontariyo za mu tsaya.

Mataki na farko, nemo zafin ruwan tafkin. Akwai cibiyar binciken manyan tafkuna ta NOAA, hukumar yanayi da teku ta Amurka, da ke Ann Arbor a jihar Mishigan, ana ce mata GLERL, kullum tana fitar da taswira mai suna GLSEA da ke nuna zafin saman ruwa da kuma inda ƙanƙara ta rufe, daga tauraron ɗan adam ake haɗa ta kuma kyauta ce. Ofishin hasashen yanayi na Bafalo shi ma yana wallafa zafin ruwan Eri kullum, amma ka sani wannan a wuri ɗaya ake auna shi kusa da gari, a zurfin kusan mita 9, ni dai na fi son in ga taswirar gaba ɗaya don tsakiyar tafkin yakan bambanta da bakinsa. Kar ka dogara da na'urorin da ke yawo a kan ruwa, galibinsu ana kwashe su kafin sanyi ya kankama don kar ƙanƙara ta lalata su. Idan lambar da ka samu ta Farenhait ce, cire 32 ka raba da 1.8, misali 50 ya zama digiri 10 na Selshiyas. Rubuta ta a takarda.

A nan ne kuma za ka duba ƙanƙara. Eri shi ne mafi rashin zurfi a cikin biyar ɗin, matsakaicin zurfinsa wajen mita 19 ne kawai, shi ya sa yake saurin ɗumi da bazara kuma yake saurin daskarewa, a shekarun da sanyi ya yi tsanani zuwa ƙarshen Janairu ko Fabrairu za ka ga ya rufe kusan duka, daga nan Bafalo ta ɗan samu sauƙi. Ontariyo kuwa matsakaicin zurfinsa ya kai mita 86, da wuya ya daskare, don haka mutanen Oswego da Watertown ba su da hutu har ƙarshen sanyi. Kuma don Allah kar ka ga ƙanƙara ta rufe rabin tafki ka ce an gama, ba a gama ba, zafi da danshi suna fita ta tsaguwa da wuraren da suka rage a buɗe, sai ta rufe mafi yawansa sannan abin yake mutuwa.

Mataki na biyu shi ne zuciyar lissafin, wato sanyin iskar da ke sama. Masana ba iskar da ke taɓa fuskarka suke dubawa ba, suna duba matakin da ake kira miliba 850 (miliba ma'aunin matsin iska ne), wanda yake kusan kilomita 1.5 daga ƙasa. Ka buɗe kowane shafin taswirorin yanayi irin su Pivotal Weather ko Tropical Tidbits ko Windy, ka zaɓi zafin 850, ka duba lambar da aka yi hasashe a saman tafkin a lokacin da kake so. Sai ka cire ta daga zafin ruwan. Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce bambancin ya kai digiri 13 na Selshiyas ko sama. Dalilin 13 ɗin kuwa, iskar da ba ta ƙoshi da danshi ba idan tana hawa sama tana rasa kusan digiri 10 a kowane kilomita, to a tsawon nan daga ruwa zuwa 850 lissafin yana faɗowa wajen 13, idan bambancin ya wuce haka iskar da tafkin ya ɗumama za ta ci gaba da hawa da kanta ba sai an tura ta ba.

A ce ruwan Eri yana digiri 10, a 850 kuma ana hasashen 8 ƙasa da sifili. To 10 da 8 ka haɗa su, bambancin 18 ke nan, an wuce layi da kyau. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, su ce 10 a cire 8 saura 2, a'a, tunda ɗayan ƙasa da sifili yake tazarar da ke tsakaninsu ake nema. Idan ka ga 13 ko 14 to abin yana iya yiwuwa amma sai wasu abubuwan sun taimaka, idan ya kai 20 ka gyara zama. Ka ƙara leƙa matakin 700 wanda yake kusan kilomita 3, idan bambancinsa da ruwan ya doshi 30 to wannan ranar ce ake jin tsawa ana ganin walƙiya a tsakiyar dusa, eh ana yi, musamman a Nuwamba lokacin ruwan bai huce ba. Wani ma'aikacin ofishin Bafalo mai suna Thomas Niziol ne ya tsara wannan hanyar a rubuce a 1987, ya kasa ƙarfin abin gida uku daga mai rauni zuwa matsakaici zuwa mai tsanani, kuma har yau a kan wannan tubalin ake gini.

Abu ɗaya da za ka kiyaye a farkon kaka, bambancin yana iya kaiwa 13 amma iskar ba ta yi sanyin da zai ba da dusa ba, sai a sha ruwan sama kawai. Idan 850 bai sauka wajen 5 ko 6 ƙasa da sifili ba kuma ruwan tafkin yana da ɗumi sosai, to bakin gaɓa ruwa ne ko jagwalgwalo, kan tudu ne zai yi fari.

Mataki na uku, kuma a nan nake so mu daɗe, shi ne alƙiblar iska. Da farko ka riƙe cewa ana kiran iska da inda ta fito ne ba inda za ta ba, kuma da digiri ake faɗa, 180 daga kudu, 270 daga yamma, 360 daga arewa. Iskar da za ka duba ba ta ƙasa kaɗai ba ce, matsakaicin iskar da ke cikin gajimaren ake so, idan kana sauri ɗauki ta 850 ta wadatar a matsayin farko. Yanzu ɗauko taswira ka kalli yadda Eri yake kwance, doguwa ce daga Toledo a kudu maso yamma zuwa Bafalo a arewa maso gabas, tsawon kusan kilomita 388, faɗinta kuwa bai kai kilomita 100 ba. Idan iska ta ratsa ta a gicciye, misali daga arewa maso yamma, tafiyarta a kan ruwa gajeriya ce, sai ka samu ƙananan zirara da yawa jere da juna, dusar ta bazu a wuri mai faɗi amma ba ta cika kisa ba. Idan kuwa iskar ta daidaita da tsawon tafkin, wajen 250, to ta samu ɗaruruwan kilomitoci tana shan danshi, ga kuma iska tana shigowa daga gaɓa biyu suna haɗuwa a tsakiya suna tura juna sama, sai ziri ɗaya tak ya haɗu, siriri, faɗinsa sau da yawa bai wuce kilomita 15 zuwa 25 ba, amma a cikinsa ana iya zuba santimita 5 zuwa 10 a awa, wani lokaci har 15. Shi ne wanda za ka gani a bidiyo gefensa a yanke tsaf, kana tsaye a rana kana kallon duhu a ƙarshen titi. Galibi ana so iskar ta yi tafiyar kilomita 80 zuwa 100 a kan ruwa kafin a samu abin kirki.

Ga yadda masu hasashen yankin suke kintatawa a kan Eri. Iska wajen 240 tana kai zirin arewacin Bafalo, su Tonawanda da Amherst har ta leƙa wajen Niyagara. Wajen 250 cikin gari ne da filin jirgi. Daga 260 zuwa 270 garuruwan kudu ne, su Lackawanna da Hamburg da Orchard Park da West Seneca. Ta wuce 280 sai tsaunukan Chautauqua da Cattaraugus. Ka lura fa, digiri 10 kacal ne tsakanin ka share ƙofar gida da tsintsiya da kuma ka nemi motarka ka rasa. A Nuwamban 2022 iskar ta daɗe a kan garuruwan kudu, Hamburg ta tashi da sama da mita 2, har aka ɗauke wasan ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Bills daga Orchard Park aka kai Detroit, kamar dai yadda aka yi a 2014.

Ontariyo kuma kwanciyarta kusan yamma zuwa gabas ce, tsawon kilomita 311, don haka iskar da take so ita ce 270 ko kusa da haka, ta kai kaya kan tudun Tug Hill, wanda ke gabas da tafkin, da arewacin gundumar Oswego. Idan ta karkata zuwa 250 ko 260 Watertown ce, idan ta koma 290 zuwa 300 sai Syracuse. 'Yan Toronto galibi suna bayan iskar ne, wato ɓangaren da take fitowa kafin ta hau ruwa, shi ya sa ba su cika shan wannan ba, sai in iska ta juyo daga gabas ta bi tsawon tafkin. Amma Barrie da kewaye, iskar arewa maso yamma daga Georgian Bay, wani reshen tafkin Huron, tasu ce, kuma wadda ta fito daga Huron ita ce ta tsare ɗaruruwan motoci a hanyar 402 kusa da Sarnia a Disamban 2010.

Kar ka manta ka bi layin iskar baya ka ga daga ina ta biyo. Idan kafin ta iso Ontariyo ta riga ta ratsa Huron ko Georgian Bay, to da danshinta ta zo, ziri yana iya haɗa tafki biyu ya fi ƙarfin abin da lissafin tafki ɗaya ya nuna.

Ƙarfin iskar ma da nasa. Idan ta yi laushi sosai zirin yana zama a kan ruwa ko ya manne a bakin gaɓa, wani lokacin ma ya naɗe ya zama ɗan ƙaramin guguwa a tsakiyar tafki. Idan matsakaiciya ce, kamar kilomita 30 zuwa 55 a awa, nan ne aka fi samun tari mai yawa. Idan ta yi ƙarfi ainun ba ta daɗewa a kan ruwa kuma tana watsa dusar can cikin ƙasa, amma kar ka ce sauƙi ne, don a Disamban 2022 iska mai ƙarfin gaske ce ta haɗu da dusar tafki a Bafalo daga ranar 23, aka yi sama da yini guda ba a ganin gaba, mutum sama da 40 suka rasu a yankin, da yawa a cikin mota ko a kan hanya.

Mataki na huɗu, duba ko iskar sama da ta ƙasa bakinsu ɗaya. Ka kwatanta alƙiblar iska kusa da ƙasa da ta matakin 700. Saɓanin bai kai digiri 30 ba, zirin zai tsaya da ƙafarsa. Tsakanin 30 da 60 zai yi rauni ya bazu. Ya wuce 60 da wuya ya haɗu, sai yayyafin dusa nan da can. Wannan minti biyu ne ka gama.

Mataki na biyar shi ne wanda yake ba sababbi tsoro amma ba wuya gare shi ba, karanta rahoton balan-balan. Galibi sau biyu a rana ake sakin balan-balan mai ɗauke da na'urar awo, na ƙarfe 00 da na 12 agogon GMT, wato 7 na yamma da 7 na safe a Bafalo lokacin sanyi, ƙarfe 1 na dare da 1 na rana a Najeriya da Nijar. Ana saki a Bafalo, da kusa da Detroit, da Gaylord a arewacin Mishigan, da Green Bay. Shafin Jami'ar Wyoming yana ajiye su duka. Zanen da ke fitowa sunansa Skew-T, layi biyu ne suke hawa sama, na dama zafin iska, galibi ja, na hagu ma'aunin raɓa, galibi kore. Wanda zai fi maka amfani shi ne na tashar da ke bayan iskar, misali idan daga yamma take zuwa ka duba na Detroit ko Gaylord don ka ga iskar tun kafin ta hau ruwa.

Abu uku za ka nema a ciki. Na ɗaya murfi. Kana bin layin zafi yana raguwa yana raguwa, sai ka iso inda ya tsaya ko ma ya juya yana ƙaruwa, to nan ne murfin, gajimare ba ya iya huda shi. Murfi ƙasa da kilomita 1, dusa 'yar kaɗan ce ko da bambancin zafi ya kai 20, ni a ganina wannan ne abin da masu koyo suka fi mantawa, su ga lamba babba su yi ta shela a guruf sai gari ya waye babu komai. Kilomita 2 an fara magana, 3 zuwa sama kuwa babban al'amari ne. Ka tuna kuma tafkin da kansa yana ɗaga murfin idan iskar ta daɗe a kansa. Na biyu danshi, idan layukan nan biyu suna kusa da juna daga ƙasa har wajen 700 iskar a jiƙe take, tafkin ba zai sha wahala ba, idan sun yi nisa da juna to sai ya ɓata rabin tafiyar yana jiƙa ta tukuna. Na uku, nemo inda zafi yake tsakanin 12 da 18 ƙasa da sifili, a nan ne ƙwayoyin dusa masu rassa suke girma, manya marasa nauyi masu saurin taruwa. Idan wannan yankin ya faɗo a tsakiyar gajimaren inda iska take hawa da ƙarfi, to tarin zai yi yawa. Dusa ta yau da kullum ana kintata santimita 10 a kan kowane santimita 1 na ruwa, ta tafki kuwa takan kai 20 ko 30. Idan kuma sanyi ya wuce misali har gajimaren duka ya fi 20 ƙasa da sifili, ƙwayoyin sai su zama ƙanana kamar gari, ba sa taruwa da yawa amma suna kashe gani.

Mai kwamfuta ya sauke BUFKIT, manhaja ce da aka ƙirƙira a ofishin Bafalo ɗin saboda wannan aikin, kyauta, kana saka mata zafin ruwa tana nuna maka murfi da alƙibla da matakin ƙarfin awa bayan awa, har da layin inda zirin zai nufa a kan taswira.

Mataki na shida, yanzu ne za ka buɗe hasashen kwamfuta, ba tun farko ba, don in ka fara da shi ba za ka san lokacin da ya kauce ba. Manyan nan na duniya, GFS na Amurka da ECMWF na Turai, suna da kyau wajen gaya maka tun kwana huɗu ko biyar cewa iska mai sanyi tana tafe kuma daga wane ɓangare, amma idonsu bai kai ya ga ziri siriri da kyau ba, kar ka ɗauki adadin santimitansu. Idan ya rage kwana biyu ka koma kan HRRR, wanda yake lissafi a kan kowane kilomita 3 kuma ake sabunta shi duk awa, da NAM na kilomita 3, da HRDPS na Kanada mai kilomita 2.5. Kar ka kalli fitowa ɗaya, ka jera uku ko huɗu na baya-bayan nan, zirin yana wuri ɗaya ko kuwa kowace fitowa yana matsawa arewa? Wannan matsawar ita ce labarin. Kuma ko mafi kyawunsu yana iya kauce wa wurin da 'yan kilomitoci, a irin wannan dusar kuwa 'yan kilomitocin su ne komai, don haka idan gidanka ko hanyar aikinka tana gefen zirin ka ɗauka kana ciki.

Akwai abin da nake roƙon kowa ya saba karantawa, a shafin ofishin hasashe na yankinka akwai rubutu mai suna Area Forecast Discussion, ma'aikacin da ke bakin aiki ne yake rubuta tunaninsa, me ya sa yake ganin zirin zai tsaya a kudu, ƙarfe nawa yake sa ran zai matsa, ina yake da shakka. Da ka san matakan da muka bi za ka ga kana gane kusan duk abin da yake faɗa. Lissafinka na gida don ka fahimci gargaɗinsu ne, ba don ka yi musu da shi ba, in sun fitar da gargaɗi ko gunduma ta hana tuƙi to a zauna a gida, kuɗin awa biyu na Uber bai kai rai ba.

Mataki na bakwai, ranar ta zo, ka ajiye hasashe ka koma kallon abin da yake faruwa. Buɗe na'urar rada, KBUF ta Bafalo ko KTYX da ke Montague a kan Tug Hill, ka kunna ta tana motsi na awa ɗaya ko biyu, ka sa ido a kan gefen zirin na arewa, yana tsaye ko yana rarrafe? Amma ka sani gajimaren tafki gajere ne, hasken rada kuma yana ƙara yin sama ne yayin da yake nisa, don haka a wuri mai nisa daga na'urar yana iya bi ta saman gajimaren ya nuna maka babu komai alhali ana zuba. Sai ka haɗa da hoton tauraron GOES da rana, da kyamarorin kan hanya na shafin bayanan hanya na 511 na jihar Niyok ko na Ontariyo, da rahoton filayen jirgi. A rahoton filin jirgi idan ka ga +SN tare da 1/4SM, ma'anarsa dusa mai ƙarfi kuma gani bai wuce mita 400 ba.

Don sanin inda zai matsa, ka duba iskar tashoshin da ke can bayan tafkin, su Toledo da Cleveland da garin Eri, abin da ya canza a can yana isowa nan bayan 'yan awanni. Idan wani ɗan kwarin matsin iska yana tahowa a sama, kafin ya iso iska takan koma wajen kudu maso yamma, zirin ya hau arewa ya shiga gari, da ya wuce kuma ta juya yamma ko arewa maso yamma zirin ya gangara kudu da sauri. Shi ya sa za ka ga ya shiga Bafalo da asuba daidai lokacin fita aiki, zuwa azahar ya koma Hamburg. Da dare da sassafe yakan fi tsari, zafin rana kuma yakan ɗan farfasa shi musamman a farko da ƙarshen lokacin sanyi.

Tudu ma ka saka shi a lissafi, iska in ta bar ruwa ta fara hawa ƙasa mai tsayi tana ƙara matse danshinta. Shi ya sa Tug Hill ya zama abin da ya zama, a Fabrairun 2007 garin Redfield ya samu sama da mita 3.5 a cikin kwana 10.

Adadin da za ka yi tsammani kuwa lissafi ne mai sauƙi, saurin zuba sau awannin da zirin zai yi a kanka. Santimita 7 a awa na awa 3 kusan 20 ke nan, ka share ka wuce. Irin wannan saurin na awa 20 kuma mita 1.4 ne. Idan kana son ka gwada hasashenka da abin da ya sauka, ka ajiye farin katako a fili nesa da bango, ka auna da ruler, ka share shi amma kar ya wuce sau ɗaya a awa 6, don in kana sharewa akai-akai dusar ba ta samun damar danne kanta sai lambar ta kumbura. Wannan ne ya sa aka ƙi amincewa da santimita 196 da aka ruwaito a Montague cikin awa 24 a Janairun 1997 a matsayin tarihin ƙasa. Ka rubuta zafin ruwa, 850, alƙibla, murfi da abin da ka auna, bayan sanyi ɗaya za ka san lambar iskar da take nufo unguwarku. Kuma duk lokacin da ka fita awo ka leƙa bututun hayaƙin na'urar ɗumama gida ka buɗe shi, haka salansar mota kafin ka tayar da ita, iskar gas marar wari da ke fita ta cikinsu tana kisa a irin waɗannan ranakun.

Alamar ƙarewa ita ce matsin iska mai ƙarfi ya fara shigowa daga yamma, murfi yana sauka ƙasa da kilomita 1, layukan nan biyu suna rabuwa, iskar ƙasa da ta sama sun fara saɓani, 850 yana ɗumama bambancin ya koma ƙasa da 13. A rada za ka ga zirin ya yi siriri ya yayyage ya janye kan ruwa. Kafin ka tono mota ka kama hanya dai ka sake duba 850 da alƙibla na awa 48 masu zuwa, don a 2014 zagayen farko ya lafa ranar 19, mutane ba su gama buɗe ƙofofinsu ba na biyu ya dawo kusan kan unguwannin nan dai ya ƙara musu wajen mita guda a wasu wuraren, rufin gidaje da dama a lokacin ne suka rufta.